Asalin Gidan Shehu Usmanu: Daga Futa Toro Zuwa Bakin Kogin Nilu

Wanda ya tashi daga Kajiji ya nufi Birnin Sakkwato, sai ya ratsa ta Shagari, ya wuce Boɗinga da Sifawa, kafin ya hango birnin. Yau tafiyar ba ta isa a yi mata guzuri ba, gama mota ta kan gama ta tun hantsi bai dubi ludayi ba. Amma ƙasar nan da a ke ratsawa da gaggawa, a cikinta ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya zauna wajen shekara biyar bayan an ƙare manyan yaƙoƙin jihadi. A zamanin wannan zama ne kuma ƙanensa da ɗansa suka rubuta littattafan da su ke riƙe da labarin asalin gidansu.

In aka tambayi yawancin mutane sunayen kakanninsu, sai su faɗi uba, su faɗi kaka, mai ƙoƙari ya ƙara da uban kaka, daga nan sai a yi shiru. Gidan Shehu kuwa a kan ƙirga masa ubanni goma sha ɗaya a sama da shi, a kan kuma bi sawunsu gari gari, tun daga gaɓar Kogin Sanagal can yamma, har zuwa bakin Kogin Nilu can gabas. Yadda aka yi aka san wannan, da inda sanin ya ke da ƙarfi, da inda ya ke da rauni, shi ne abin da za a bayyana a nan.

Inda A Ke Samun Labarin

Kowace al'umma da hanyar da ta ke bi ta nemi asalinta. Tsakanin shekara ta 1820 da ta 1914 Jamusawa fiye da miliyan biyar suka bar ƙasarsu suka ƙaura zuwa Amurka. In jikan ɗayansu ya tashi neman tushensa, sai ya duba takardun jiragen ruwa, domin tun daga 1850 a ke rubuta sunan duk wanda ya shiga jirgi a tashar Hambug, da shekarunsa, da garin da ya fito. In ya sami sunan garin, sai ya nemi littafin majami'ar garin, inda limamansu su ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Da haka ya kan hau daga uba zuwa uba har ya yi nisa.

A ƙasar Hausa babu jirgin da aka shiga, balle a rubuta sunan mai shiga. Abin da ya tsare asalin gidan Shehu shi ne karatu. Malami ba ya cika malami sai ya iya faɗin wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da malaminsa. To, da ya ke malaman gidan nan yawancinsu baffanni ne da kawunnai, sai salsalar karatu da salsalar haihuwa suka zama tafiyarsu ɗaya. Shi ya sa a cikin 1812, da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta ɗan littafinsa mai suna Ida'un Nusukhi domin ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, ya kawo jerin kakanninsa a ciki. A wannan shekara Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri, da shekara ta kewayo kuma Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙati. Bayansu Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta labarin Shehu da jama'arsa. A ƙarnin da ya wuce Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997, ya tattara abin da ya samu a littattafai da bakin dattawa, aka buga masa Tarihin Fulani da Hausa a Zariya tun kafin samun mulkin kai.

Har baƙi ma sun ɗebi ruwa a wannan rijiya. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarimu, mutumin Hambug ɗin nan ne. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba cikin 1853, ya zauna Wurno da Sakkwato, sa'an nan ya wuce Gwandu, yana neman littattafan malaman ƙasar yana kwafar abin da ya iya.

Jerin Kakanni

Ga jerin kamar yadda aka fi saninsa. Shehu Usmanu ɗan Muhammadu ne, wanda a ke yi wa laƙabi da Fodiyo, watau malami da Fillanci. Muhammadu Fodiyo ɗan Usmanu ne, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, ɗan Buba Baba, ɗan Musa Jakollo. Wannan Musa shi ne a ka ce ya jawo jama'arsa daga Futa Toro, ya sauka da su a Ƙonni.

Sunayen da ke kusa da Shehu babu gardama a kansu. Amma can sama, wajen Ayuba da Masirana da Buba Baba, a kan sami takardun da suka sa wani gaba da wani, har waɗansu su ƙara suna. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin littattafan da hannu a ke kwafarsu, kuma sunan Fillanci in an rubuta shi da baƙaƙen Larabci ba wasali, mutum biyu su kan karanta shi iri biyu.

Babu wanda ya rubuta shekarar da Musa Jakollo ya iso, amma a kan gano ta da lissafi. An haifi Shehu cikin watan Disamba na 1754. In aka ba kowane uba shekara talatin tsakaninsa da ɗansa, ubanni goma sha ɗaya sun ba da shekara 330. A cire wannan daga 1754, sai a sami 1424, watau wajen lokacin haihuwar Musa ke nan. Ashe zuwansa ƙasar Hausa zai faɗo wajen 1450 ko bayanta kaɗan. Akwai kuwa shaida daga wani wuri dabam wadda ta ƙarfafa wannan. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Yaƙubu, wanda a ke lissafa sarautarsa daga 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da na lugga. Mai wancan littafi bai ambaci Musa Jakollo ba, bai kuwa rubuta domin gidan Shehu ba, amma maganarsa ta nuna lalle a wannan zamani malaman Fulani suna gangarowa daga yamma. In shaidu biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗi abu ɗaya, alƙali ya kan natsu.

Futa Toro Da Labarin Uƙubatu

Futa Toro ƙasa ce a gaɓar Kogin Sanagal, inda yau iyakar Sanagal da Muritaniya ta ke. Musulunci ya daɗe a can ƙwarai, gama sarkin Takrur, wadda ta ke a wannan kwari, ya musulunta tun cikin ƙarni na goma sha ɗaya. Daga sunan Toro ne aka sami Toronkawa, su kuwa da harshensu su kan ce Toroɓɓe. Mutane ne da suka fi ba da ƙarfi ga karatu da alƙalanci da limanci, ko da ya ke suna da dabbobi, suna kuma auratayya da 'yan'uwansu makiyaya.

Daga Musa Jakollo zuwa sama babu jerin sunaye, sai riwaya. Malam Abdullahi ya kawo cewa wani mayaƙi Balarabe, Uƙubatu, ya iso ƙasar Toro a zamanin da Musulmi suka ci Masar, sarkin ƙasar ya musulunta ba tare da yaƙi ba, ya ba shi 'yarsa Bajjo Mango aure, daga 'ya'yansu ne kuma Fulani suka fito. Bisa ga wannan, Toronkawa su ne dangin uwa, watau kawunnan Fulani. Amma malaman kansu ba su daidaita a kan ko wane Uƙubatu ne ba. Waɗansu suka ce ɗan Amiru, waɗansu suka ce ɗan Nafi'u, waɗansu suka ce ɗan Yasiru. Uƙubatu ɗan Amiru sahabi ne wanda ya yi mulkin Masar, a can kuma ya rasu. Uƙubatu ɗan Nafi'u shi ya kafa birnin Ƙairawan a Tunisiya cikin 670, aka kashe shi cikin 683 a ƙasar da yau a ke kira Aljeriya, kabarinsa yana can. Tarihin Larabawa bai nuna ɗayansu ya iso Kogin Sanagal ba. Masana harsuna kuma sun gwada Fillanci da sauran harsuna, suka ga danginsa na kusa su ne harshen Serer da na Wolof, duka a Sanagal.

Sabo da haka mai neman gaskiya sai ya ajiye kowane abu a mazauninsa. Fitowa daga Futa Toro tabbas ce, gama harshe ya shaida, littattafai sun shaida. Labarin Uƙubatu kuwa riwaya ce ta mutanen da suka daɗe cikin Musulunci, suna son su nuna tun farkonsa su ke tare da shi. Tsakanin Uƙubatu da Musa Jakollo akwai shekara fiye da ɗari bakwai waɗanda ba a riƙe sunan kowa a cikinsu ba.

Ba gabas kaɗai mutanen Futa suka watsu ba. Akwai waɗanda aka kai yamma ƙarfi da yaji. Wani almajiri mutumin Futa Toro, Umaru ɗan Sa'idu, an kama shi an sayar, aka sauke shi a Calston ta Amurka cikin 1807, sa'ad da jihadi ya ke tsakiyarsa a nan. Cikin 1831 ya rubuta labarin kansa da Larabci, ya ambaci ƙasarsa da shekarun da ya yi yana karatu. Ya tsufa ya mutu a can cikin bauta, amma takardar tasa tana nan an adana ta a babban ɗakin littattafai na Majalisar Amurka. Dubban da aka kai tare da shi waɗanda ba su bar rubutu ba, ko sunansu ba a sani ba.

Daga Ƙonni Zuwa Ɗagel

Zuriyar Musa Jakollo ta daɗe a Ƙonni, ta yaɗu, ta kasu gidaje da dama. Bayan zamani mai tsawo wani sashe ya tashi ya koma Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar da yau ta ke Jamhuriyar Nijar. A nan aka haifi Shehu. Yana yaro iyayensa suka sake ƙaura zuwa Ɗagel cikin ƙasar Gobir, inda ya girma, ya yi karatu wurin mahaifinsa, da baffanninsa irin su Usmanu Bidduri da Muhammadu Sambo, kafin ya tafi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Mahaifiyar Shehu sunanta Hauwa'u 'yar Muhammadu ɗan Usmanu ɗan Hamma ɗan Alu ɗan Jaɓɓo. Wanda ya duba jerin farko zai ga wannan Jaɓɓo shi ne mahaifin Muhammadu Gurɗo. Ashe uba da uwa a wurin Jaɓɓo suka haɗu, kowanensu kuma tsakaninsa da shi ubanni huɗu ne. Wannan ya nuna auren zumunci ya daɗe a gidan, shi ne kuwa ɗaya daga cikin dalilan da suka sa salsalar ba ta ɓace ba, domin abin da dangin uba suka manta, dangin uwa suna riƙe da shi.

Ta wajen kakarsa ta uwa an kawo wata salsala wadda ta kai ga wani sharifi mutumin Magrib, Muhammadu Bello ma ya ambace ta. Amma a dubi yadda Shehu da kansa ya yi da zancen asali. Da jama'a suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, sai ya rubuta ya ƙaryata, ya kuma kafa hujja da asalinsa. Ya nuna siffofin Mahadi sanannu ne a littattafai, har da gidan da zai fito da garin da za a haife shi, shi kuwa a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar baƙar fata. Mutumin da jama'a ke neman ɗaukaka shi sama da matsayinsa, sai ya ɗauko sunan ƙauyensu ya tsai da su.

Daga Guɗu Zuwa Sifawa

Shehu ya fara wa'azi yana da shekara ashirin, ya zaga Kabi da Zamfara, jama'arsa ta yi yawa har sarakunan Gobir suka tsorata. A zamanin Sarkin Gobir Yunfa abin ya ɓaci, sai Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804. An ɗora littattafai bisa raƙuma an tafi da su, ba don haka ba da yau babu abin da za a duba. Aka yi yaƙin Tabkin Kwatto cikin watan Yuni, jama'a suka yi nasara. A ƙarshen shekarar aka yi na Tsuntsuwa, inda aka kashe musu mutum wajen dubu biyu, an ce ɗari biyu daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Daga nan suka koma Sabon Gari cikin Zamfara, sa'an nan Gwandu cikin 1805. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi cikin 1808.

Cikin 1809 Muhammadu Bello ya fara ginin Sakkwato. Wajen 1810 Shehu ya bar Gwandu ya sauka Sifawa, Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga, tsakaninsu tafiyar mil biyu ce ko kusa da haka. A Sifawa ne cikin 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. Cikin 1815 ya koma Sakkwato, ya rasu a can ran 20 ga Afrilu 1817.

Daga nan itacen ya yi rassa. Zuriyar Abdullahi ita ke sarautar Gwandu. Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal, daga gidansa ne Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi ya fito, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996. Bello ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya rasu a Wurno. Daga gidansa aka sami Aliyu Babba, da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wanda ya yi shekara hamsin daga 1938 zuwa 1988, da Sardauna Ahmadu Bello ɗan Ibrahim ɗan Abubakar Atiku na Raba ɗan Bello. Ƙanen Bello, Abubakar Atiku na farko, ya gaje shi daga 1837 zuwa 1842, gidansa ne kuma zai sake ɗaukar sandar tafiya.

Ba Toronkawa kaɗai ke da asali a wannan yanki ba. Fulanin Kabi na Muhammadu Moyijo suna Yabo, Sulluɓawa suna kewaye da Sakkwato, ga kuma Hausawa da aka tarar a ƙasar. Shi ya sa bisa al'ada a ke lissafa Sarkin Kabin Yabo, da Sa'in Kilgori, da Arɗon Dingyaɗi cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi.

Hijirar Gabas

Tun da wuri zukatan jama'ar Shehu suna karkata gabas, domin can alƙibla ta ke, kuma ana riƙe da maganar cewa a ƙarshen zamani jama'ar za ta tashi ta nufi wajen Kogin Nilu. Malam Abdullahi kansa, da ya ga son duniya ya fara shiga mayaƙa, ya fita wajen 1807 da niyyar barin ƙasar, amma mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya komo.

Tsohuwar ƙasar ma ba ta yanke zumunci ba. Alhaji Umaru Futi, haifaffen Futa Toro, ya sauka Sakkwato a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, ya zauna shekaru wurin Bello, ya auri 'yarsa. Da Faransawa suka rushe daular da ya kafa, suka ci Segu cikin 1890, ɗansa Ahmadu ya jawo jama'arsa zuwa ƙasar Sakkwato, ya rasu a nan cikin 1897. Hanyar da Musa Jakollo ya bi, ita suka sake bi bayan shekara fiye da ɗari huɗu.

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ya zama Sarkin Musulmi cikin watan Oktoba na 1902. Bai cika wata shida ba rundunar Ingilishi ta iso, bayan ta ci Kano. Aka kara a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, ran 15 ga Maris 1903, bindigogin Turawa suka fi ƙarfin dawaki. A nan gida ya rabu biyu, kowane ɓangare da hujjarsa. Waziri Buhari da waɗansu malamai suka ga in kowa ya tashi, talakawan da ba su iya tafiya za su zauna ba mai tsare musu addini, sai suka komo birni, aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba. Attahiru ɗan Ahmadu kuwa ya ga bai halatta ya zauna ƙarƙashin wanda ya ci shi da yaƙi ba, sai ya nufi gabas. Duk inda ya ratsa mutane suna barin gonakinsu suna binsa, ga shi kuwa damina ta kusa. Ahmadu Sarkin Misau ya bi shi, mutanen Futa da suka zo tare da Ahmadu ɗan Alhaji Umaru su ma da yawa suka bi.

Turawa suka bi sawunsa har Burmi, kusa da Kogin Gongola. Karon farko cikin watan Mayu mutanen Burmi suka kore su. Suka komo da ƙarfi ran 27 ga Yuli 1903, aka yini ana yaƙi, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, shi ma ya mutu a wurin.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda a ke kira Mai Wurno, ya tsira, ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a. Suka ratsa ƙasashen Cadi da Darfur, suna tafe suna yada zango, har wajen 1906 suka iso wani gari, Shaihu Talha, a bakin reshen Nilu wanda ya gangaro daga Habasha. Ga abin al'ajabi, Ingilishin da suka baro a baya su suka tarar suna mulkin Sudan. Aka bar su suka kafa garinsu a ƙetaren kogin, kudu da Sinnar kaɗan, garin ya ci sunan mai shi, har yau Mai Wurno a ke ce da shi. Waɗansu suka wuce Makka da Madina, kamar Alfa Hashimu, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru, wanda ya zama babban malami a Madina. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanen yamma, waɗanda a can a ke kira Fallata, suna cikin waɗanda aikin ya dogara a kansu. Mai Wurno ya rasu cikin 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi.

In aka ɗora wannan reshe bisa jerin farko, Musa Jakollo ne na ɗaya, Shehu na goma sha biyu, Atiku na sha uku, Ahmadu na sha huɗu, Attahiru na sha biyar, Mai Wurno na sha shida. Suna goma sha shida ke nan suka ratsa Afirka daga kogi zuwa kogi cikin shekara wajen ɗari huɗu da hamsin.

A Sudan ne zancen asali ya zama zancen zama da tashi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna shi ko ubanninsa suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Waɗanda suka iso bayan yaƙin Burmi sun makara da 'yan shekaru, sabo da haka da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a can suka sha wahalar samun takardar ɗan ƙasa, sai daga baya aka sassauta dokar. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin 2023 kuma ya kai lardin Sinnar cikin 2024, ya sake tayar da mutane masu yawa daga gidajensu.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Karatu

Alƙur'ani ya nuna an yi mutane dangi dangi da kabila kabila domin su san juna, fifiko kuwa na mai tsoron Allah ne. Hadisi kuma ya kwaɗaitar da mutum ya san danginsa gwargwadon abin da zai sada zumunci. Alƙali ba ya raba gado sai ya san wane ne ɗan wane, ba a kuwa ɗaura aure sai an tabbata babu nono tsakani. Ashe sanin asali ba na gidan sarauta ba ne kaɗai. Manomi a Kajiji da maƙeri a Boɗinga kowa yana da nasa Musa Jakollo, watau wanda ya fara sauka a garin, ko daga Kabi ya zo, ko daga Zamfara, ko daga Adar, ko yunwa ta koro shi, ko yaƙi, ko kuwa an kawo shi ne ba da sonsa ba. Babu abin kunya cikin ko ɗaya.

Wanda Allah ya ba shi sanin karatu da rubutu, ko da girma ya koya, ya sami abin da kakanninsa ba su samu ba. Sai ya nemi littafin rubutu, ya tafi wurin mafi tsufa a gidansu, kada ya manta da tsofaffin mata, gama su suka fi riƙe wa ya auri wa. Ya rubuta suna da laƙabi, domin Muhammadu da Usmanu suna da yawa, laƙabi ne ke rarrabe su. Ya rubuta garin da kowa ya zauna da inda aka binne shi. Da ya ke tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba ba, sai ya tambayi wane sarki ke bisa gado sa'ad da abin ya faru, ko kafin zuwan Turawa ne ko bayansa, daga nan a kan fitar da shekara. Ya ji daga bakin mutum biyu waɗanda ba gida ɗaya su ke ba. Inda suka saɓa ya rubuta duka biyu, kamar yadda malaman Sakkwato suka yi da zancen Uƙubatu. Inda sani ya ƙare kuwa ya tsaya, kada ya ƙara suna ko ɗaya don neman girma. In ya gama ya kwafa biyu, ya ba ɗan'uwansa ɗaya ya ajiye a wani gida, sabo da gara da gobara.

Allah ya ji ƙan magabata, na Futa da na Ƙonni, na Sifawa da na Burmi, da waɗanda ke kwance a bakin Nilu, ya kuma ba na baya ikon riƙon zumunci. Amin.